Garin furotin da gwajin lafiyar shiga aikin hafsa: in daina ko in ci gaba?

Mai Burin Kaki:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata damuwa ce ta hana ni barci kwana biyu. Na tsallake jarrabawar rubutu ta neman shiga horon hafsoshin soja, saura tantancewa, kuma mako bakwai ya rage a yi mana gwajin lafiya. Shekarata 23, nauyina kilo 68. Wata biyar ke nan ina shan garin furotin, cokalin awo ɗaya bayan motsa jiki. Wata biyu da suka wuce na haɗa da kiriyatin, wani sinadari da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, giram 5 kullum. Akwai kuma wani garin da nake kaɗawa in sha kafin in fara ɗaga ƙarfe, wanda ke sa mutum ya ji ƙarfi ya zo masa lokaci guda.

Wani abokina ya ce mini duk mai shan furotin sai an ga furotin a fitsarinsa, kuma da zarar an gani sallama ce. Shekaranjiya da yamma, daga wurin motsa jiki na wuce ɗakin gwaji na ba da fitsari don in tabbatar. Takarda ta fito da furotin +1. Wallahi tun lokacin jikina ya mutu. Shekara biyu ina jiran wannan dama. Shin garin ne ya ɓata mini ƙoda? In na daina yau, zai wanke kafin ranar? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, shekara shida ina shan waɗannan abubuwa ko ciwon kai ban taɓa yi ba. Ka daina kwana uku kafin ranar, da safe ka ɗura ruwa lita huɗu ko biyar, fitsari zai fito fari tas, babu abin da za su gani. In sun ba ka fom sun tambayi ko kana shan wani abu, ka rubuta babu. Ba magani ba ne, abinci ne.

Antin Lab:
Ɗana Mai Burin Kaki, kada ka bi shawarar ruwan nan, zan dawo kanta. Bari in fara da abin da ya firgita ka, don shekara da shekaru wannan aikin nake yi.

Furotin ɗin da ka sha da furotin ɗin da muke nema a fitsari ba abu ɗaya ba ne. Wanda ka sha, ciki da hanji suna farfasa shi ya koma ƙananan sinadarai da ake kira amino asid kafin ya shiga jini. Jiki ya ɗauki abin da yake buƙata, ragowar kuma hanta ta mai da shi yuriya, ƙoda ta fitar. 'Yar takardar da muke tsomawa a fitsari ba yuriya take gani ba. Albumin take gani, wani furotin ne da hanta ke ƙerawa, yana yawo a cikin jini, kuma girmansa ya sa lafiyayyar matatar ƙoda ba ta barinsa ya wuce sai ɗan ɓurɓushi. Lafiyayyen mutum furotin ɗin da yake zubarwa a fitsari a yini bai kai miligiram 150 ba. Saboda haka maganar abokinka cewa gari yana bi ta ciki ya faɗa fitsari ba haka take ba.

To me ya kawo +1? Kai da bakinka ka faɗa: daga wurin ɗaga ƙarfe ka wuce, da yamma, kuma na tabbata ka yi gumi ba ka sha ruwa sosai ba. Motsa jiki mai tsanani yana sa albumin ya ɗan tsiyaya na wani lokaci, yakan ɗauke cikin yini ɗaya zuwa biyu. Fitsari mai kauri yana ƙara wa takardar launi. Zazzaɓi yana kawo shi, ciwon mafitsara ma haka. Akwai kuma matasa da yawa da furotin ke fitowa a fitsarinsu in sun wuni a tsaye, amma na farkon safiya ya fito babu komai, kuma wannan ba cuta ba ce. Ka huta kwana biyu cur, ka kai fitsarin farko da ka yi bayan tashi daga barci, ka ce a auna maka albumin tare da kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke samarwa ƙoda ta fitar. In albumin ya fito ƙasa da miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin, ka yi hamdala. In ya ƙi sauka bayan an maimaita, to sai ganin likita, don ruwa ba ya tsami banza.

Batun ɗura ruwa kuwa, muna auna kaurin fitsari. In ya tsinke ƙwarai, nauyinsa ya faɗi ƙasa da 1.003, kiriyatinin ɗinsa bai kai miligiram 20 a kowane desilita ba, sai a rubuta cewa samfurin ya tsarma, a sake kiranka, ido kuma ya dawo kanka. Ban da haka, lita biyar a cikin awa biyu na iya karya gishirin jini, mutum ya rikice ko ya yi farfaɗiya. Mutane sun mutu ta wannan hanyar.

Mai Burin Kaki:
Anti Allah ya saka da alheri, yanzu na ɗan samu numfashi. Gaskiya ranar ko ruwan kirki ban sha ba.

Tsohon Sajan:
Ni abin da ban gane ba shi ne, wa ya ce muku soja na neman mai ƙirji kamar ƙofa? Na yi shekara ashirin da ɗoriya a kaki, na ga kurata sun zo sun wuce. Wanda ke shan wuya a fili shi ne mai tulin tsoka, don nauyin nan shi zai ɗauka ya yi gudu da shi, ga jaka a baya, ga bindiga. Sirara masu jijiya su ke kai wa ƙarshe. Kuma ranar da ka shiga gidan horo, gwangwaninka a bakin ƙofa zai tsaya. Abin da aka zuba wa kowa shi za a zuba maka, a lokacin da aka ga dama, ka cinye cikin mintin da aka ba ka. Jikin da ya saba sai an kaɗa masa gari kafin ya motsa, yaya zai yi da ƙarfe huɗu na asuba in an busa usur? Yaro, ka zubar da tarkacen nan ka koma gudu.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Baba, da girmanka, zamani ya canza. Sojojin Amurka a shagunan barikinsu ake sayar da garin furotin. In haramun ne ai da ba za su bari ba. Ba kowa ke iya cin nama da ƙwai sau uku a rana ba, wani gari ya fi masa sauƙi.

Dakta:
Baba Sajan da Mai Ɗaga Ƙarfe, kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Mu yi lissafi da jikin yaron nan. Mutumin da ba ya wani motsi yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai atisaye sosai yana buƙatar tsakanin 1.2 da 2. A 2018 an tattara bincike 49 a kan masu ɗaga ƙarfe, aka ga amfanin yana tsayawa a wajajen 1.6, abin da ya haura nan ba ya ƙara tsoka a yawancin mutane. Mai kilo 68 ke nan giram 110 ya ishe shi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara 8, giram 100 na dafaffen naman kaza ya kai 30, dafaffen wake mai wannan nauyin 8 zuwa 9. Cokalin garinsa kuwa 20 zuwa 25. Wato abin da yake sha bai wuce ƙwai huɗu ba. Ba guba ba ne, ba kuma sihiri ba ne. Ga mai lafiyayyar ƙoda wannan adadin ba ya lalata ta. Wanda ƙodarsa ta riga ta samu rauni shi ake taƙaita wa furotin, shi ya sa nake goyon bayan Anti cewa a maimaita gwajin kafin a yanke hukunci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka, ƙanena, kiriyatin ne. Tsoka tana ajiye shi, kullum kuma kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari yana narkewa ya zama kiriyatinin, ƙoda ta fitar. Mu likitoci da kiriyatinin na jini muke ƙiyasta aikin ƙoda. In ka ƙara wa jiki kiriyatin daga waje, ko kana da tsoka mai yawa, ko ka ci gasasshen nama da yawa daren jiya, lambar na iya hawa alhali ƙodar lafiyarta ƙalau. A asibiti in na ga haka sai in tambayi mara lafiya, in nemi wani gwajin da ake kira sistatin C wanda yawan tsoka ba ya taɓa shi. Amma wurin tantancewa mutum ɗari nawa ne a layi? Likitan da ke wurin lamba yake dubawa ya gwada da ma'aunin da aka ba shi. Kada ka sa kanka a matsayin da sai an yi maka uzuri.

Shawarata: kiriyatin ka ajiye shi yau. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin tsoka ta koma yadda take, kai kuma kana da bakwai. Za ka ga kilo ɗaya ko biyu sun sauka, ruwa ne da yake riƙewa a tsoka, ba ƙarfinka ne ya tafi ba. Garin da kake sha kafin motsa jiki shi ma ka ajiye, Malam mai harhaɗa magani zai fi ni bayaninsa in ya shigo. Furotin zalla kuwa, in ka tabbatar da ingancinsa, ci gaba da shi ko barinsa duk ɗaya ne a wurina.

Antin Lab:
Dakta na yarda da kai, sai dai a furotin ɗin ni zan ce ya bar shi ma ko da mako biyu kafin ranar. Ba don fitsari ba. Yawan furotin yana ɗaga yuriya a jini, musamman in an haɗa da ƙarancin ruwa, kuma in yuriya da kiriyatinin suka hau tare, takardar ba ta da kyan gani.

Sannan akwai abin da samari ba su sani ba, wanda ya fi gari ɓata musu sakamako: atisayen mako na ƙarshe. Sinadaran AST da ALT da ake kira gwajin hanta, tsoka ma tana da su. A 2008 an wallafa wani bincike daga Suwidin, lafiyayyun maza 15 waɗanda ba su saba ɗaga ƙarfe ba aka sa su yi awa ɗaya, sai lambobin hantarsu suka tashi kamar na masu ciwo, suka zauna a sama har kwana bakwai. Yaro zai ga saura kwana uku, ya ce bari ya ƙure kansa, ya je da tsoka a farfashe, a ce hantarsa ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako na ƙarshe tafiya da ɗan sassarfa sun isa.

Dakta:
Na karɓi gyara, Anti. Mako biyu ba zai rage shi da komai ba.

Mai Harhaɗa Magani:
Salam. Dakta ya ambace ni, ga ni. Mai Burin Kaki, ɗauko gwangwanin da kake sha kafin motsa jiki ka karanta mana abin da ke bayansa.

Mai Burin Kaki:
Yallaɓai an rubuta kafeyin miligiram 300, sai wasu sunaye kusan takwas da aka haɗe wuri ɗaya aka ce haɗi ne na musamman na kamfanin, ba a faɗi adadin kowanne ba. A awo aka sayar mini da na furotin ɗin, daga babban buhu, shi ba ni da gwangwaninsa.

Mai Harhaɗa Magani:
To ga inda gizo ke saƙa. Kafeyin 300 a cokali ɗaya, alhali iyakar da ake ba lafiyayyen babba a yini gaba ɗaya 400 ce. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga maka bugun zuciya da hawan jini, ya hana ka barci. A ma'aunin sojin Amurka, jinin da ya zauna sama da 140 bisa 90 yana hana ɗauka. Ka haɗa fargabar ranar da rashin barci da kafeyin, ka ga abin da na'ura za ta nuna. Kada kuma ka yanke shi dare ɗaya ana gobe gwaji, ciwon kai zai kama ka. Ka janye a hankali cikin mako guda tun yanzu.

Amma babban abin tsoro shi ne abin da ba a rubuta ba. Mutane suna ɗauka duk abin da aka zuba a gwangwani mai ƙyalli an gwada shi kamar magani. Ba haka ba ne. A Amurka, inda yawancin waɗannan kaya ke fitowa, dokar 1994 ta sa su a sahun abinci, kamfani ba ya buƙatar amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin ya kai kasuwa. Sai an samu ɓarna hukuma ke biyo baya. Ɗakin gwajin 'yan wasa na birnin Kolon a Jamus ya sayi irin waɗannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001, ya samu 94 a cikinsu, kusan kashi 15 cikin ɗari, ɗauke da dangin sitiroyid, wato sinadaran kumbura tsoka da aka haramta wa 'yan wasa, waɗanda ba a ambata a jikin kwalin ba.

Mai Ɗaga Ƙarfe ya kawo misalin shagunan barikin Amurka. Gaskiya ne ana sayarwa, amma ka ji ragowar labarin. A 2011 sojoji biyu sun faɗi sun mutu a wurin atisaye, aka samu sinadarin DMAA a jininsu, wanda ke cikin irin garin nan na kafin motsa jiki, har da wani mai suna Jack3d da ya yi tashe a lokacin. Kafin shekarar ta ƙare ma'aikatar tsaronsu ta kwashe kayan daga shagunan. A 2013 wani mai suna OxyElite Pro ya jawo ciwon hanta ga mutane da dama, aka fara ganowa a Hawai, wasu sai da aka yi musu dashen hanta, mutum ɗaya ya rasu. Yau rundunar tana da jerin sinadaran da ta haramta wa sojojinta, a ƙarƙashin wani shiri da ake kira OPSS, kuma rashin sani ba ya wanke soja in an kama shi.

Na awo da aka sayar maka kuwa, wallahi ban san abin da zan ce maka yana ciki ba, kai ma ba ka sani ba, mai sayarwar ma wataƙila bai sani ba. Gwajin furotin na gama-gari naitirojin yake aunawa, sai a ninka da 6.25. Wannan ƙofar ce aka bi a Sin a 2008 aka zuba melamin a madarar jarirai don ta nuna furotin mai yawa, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu, kuma ƙoda abin ya taɓa. Masu garin motsa jiki marasa tsoron Allah suna yin makamancin haka da amino asid masu araha. Wanda ya ga lallai sai ya sha, ya nemi mai hatimin masu gwada ingancin irin waɗannan kaya, wato Informed Sport ko NSF Certified for Sport, ya shiga shafinsu ya duba sunan kayan da lambar rukunin da ke jikin gwangwanin, don hatimin ma ana buga na jabu.

'Yar Takara:
Don Allah ni ma in sa baki, tare za mu shiga tantancewar ɓangaren mata. Ni ba na shan furotin, amma ina shan ƙwayar gyaran gashi da farce, an rubuta bayotin miligiram 10. Ita ma da matsala?

Antin Lab:
'Yata gara da kika tambaya. Abin da jiki ke buƙata na bayotin a yini maikirogiram 30 ne kacal, kin ga kina shan ninki fiye da 300. Ba ya cutar da ke, amma yana ruɗa wasu na'urorinmu, musamman gwajin maƙoƙo da gwajin tiroponin na zuciya. FDA ta yi gargaɗi a kansa tun 2017. Mace lafiyarta lau sakamako ya nuna kamar maƙoƙonta ya yi yawan aiki. Ki ajiye shi mako guda kafin ranar. Kuma in ranar ta faɗo kina al'ada, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya kafin ki ba da fitsari, don jini zai fito a takardar, furotin ma na iya biyo shi.

Mahaifiyar Wani:
Tun ɗazu nake karantawa hawaye na zubo mini. Ɗana ya nemi wannan aikin shekara uku da suka wuce. Siriri ne tun yana ƙarami, abokansa suka yi ta yi masa dariya cewa iska za ta ɗauke shi. Wani a wurin motsa jikinsu ya ba shi ƙwayoyi da allura, ya ce masa bitamin ne na gina jiki. Cikin wata uku ya murje, ni kaina na yi murna, ban sani ba. Kuraje suka feso masa a baya, ya zama mai saurin fushi, nononsa ya kumbura kamar na budurwa. Da aka zo gwaji likita na ganin ƙirjinsa ya fara yi masa tambayoyi, jini kuma ya nuna hanta ta taɓu. Aka sallamo shi. Bayan mako biyu idonsa ya yi rawaya, muka kwana goma sha ɗaya a asibiti. Alhamdu lillahi ya warke, amma shekarunsa sun wuce iyakar da ake ɗauka. Garin neman gira muka rasa ido. Ku samari, duk wanda ya miƙo muku abin da ba shi da suna, ku bar masa kayansa.

Tsohon Sajan:
Allah ya musanya masa da mafi alheri, Hajiya. Ya ƙara masa lafiya.

Dakta:
Amin. Hajiya, alamomin da kika lissafa na sitiroyid ne sak, kuma irin na allura wasu sukan bar sawu a fitsari har watanni masu yawa, babu ruwan da zai wanke su.

Akwai abu ɗaya da nake so duk mai shirin tantancewa ya riƙe, don yana kisa. In tsoka ta wahala fiye da ƙima, musamman a zafi da ƙishirwa, takan farfashe ta zubo wani sinadari cikin jini da ke toshe ƙoda. Sunansa rabdomayolisis. Alamarsa ciwon tsoka da ya wuce na gajiya, kumburi, da fitsari mai launin baƙin shayi. Wanda ya ga haka ya nufi asibiti a ranar, kada ya kwana. Garin da ke ɗauke jin gajiya yana tura mutum ya wuce inda jiki ya ce a tsaya. Masu haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin gudu don kada su ji ciwo suna ƙara wa ƙodar kaya a lokacin da jini ya ragu mata. Masu nau'in jini AS su ƙara kula: wani bincike na 2016 a kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000 ya nuna haɗarin wannan matsala ya fi yawa a gare su da kusan rabi, ko da yake bai nuna sun fi sauran mutuwa ba. Kowace runduna da dokarta a kan AS, kowa ya karanta takardar sharuɗɗan da aka fitar ta shekararsa.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Na janye maganar ruwa, Anti ta gamsar da ni. Amma batun fom ina nan a kan bakana. In ya daina yau, ranar gwaji ba ya shan komai, to me zai rubuta? Ka rubuta kiriyatin, wani ma'aikacin da bai san bambancinsa da sitiroyid ba ya ja maka jan layi. Na ga an yi wa mutane haka a kan abin da bai kai wannan ba. Mai neman aiki ba ya kai ƙarar kansa.

Dakta:
Fargabarka ba ta banza ba ce, ɗan'uwa, ana samun ma'aikaci mai gaggawa. Amma ka duba yadda abin ke juyawa. In tambayar ta ce me kake sha yanzu, kuma ya daina, babu ita ce gaskiya. In ta ce a cikin wata shida ko shekara, to ya rubuta garin furotin da kiriyatin, da ranar da ya daina. In kiriyatinin ɗinsa ya ɗan hau, wannan layin da ya rubuta shi ne zai sa likita ya ce a maimaita maimakon ya ce ƙoda ce. Wanda ya rubuta babu ya toshe wa kansa wannan hanyar, don ba zai dawo daga baya ya ce af na manta ba.

Tsohon Sajan:
Ni ba ta fuskar likita zan duba ba. Fom ɗin nan sa hannu ake yi a ƙasansa, kuma yana bin mutum cikin fayil har ranar da zai ajiye kaki. Na ga wanda aka kora daga horo saura makonni ya fita, ba don cutar da ke jikinsa ba, don ya ɓoye ta. Cutar da ya faɗa da farko wataƙila da an duba an wuce. Hafsa ake nema, wanda gobe zai aiko rahoto daga daji a tura mutane bisa maganarsa. Kuma gwajin nan da kuke gani kamar shinge, ni na ɗauki gawar yaro daga filin gudu, zuciya ce, ba wanda ya sani. Mahaifinsa da ya zo karɓarsa, da za a mayar da shi baya a ce an sallami ɗansa a wurin gwaji, da hannu biyu zai karɓa.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Allah ya jiƙansa. Baba na ji, ba ni da ta cewa a kan wannan.

Mai Burin Kaki:
Salam, na dawo da labari bayan kwana tara. Na ajiye kiriyatin tun ranar, na janye garin kafeyin a hankali kamar yadda Yallaɓai ya ce, kwana uku na farko kaina ya yi ta sarawa amma ya wuce. Na awo kuma na zubar da shi. Na huta kwana biyu na kai fitsarin asuba: furotin babu, albumin da kiriyatinin ya fito 9. Jinina da aka auna 124 bisa 78, alhali ranar farko 138 bisa 86 ne, ban ma faɗa muku ba don tsoro. Kiriyatinin na jini ne kawai ya zauna a saman iyaka kaɗan, ALT ma ya ɗan haura. Nauyina ya koma 67. Anti, Dakta, in sake gwadawa yaushe?

Antin Lab:
Alhamdu lillahi, ƙodarka ba ta zubar da komai. Kwana tara bai isa kiriyatinin ya sauka ba, ka ba shi mako huɗu daga ranar da ka daina. Kafin ka je, kwana bakwai babu ɗaga ƙarfe mai nauyi, daren kuma kada ka cika nama. Ka ce a haɗa maka da CK, sinadarin tsoka, da GGT, sinadarin hanta, a jinin: in CK ya hau GGT yana daidai, tsoka ce ta ɗaga ALT ɗin, ba hanta ba. Tunda ka sha garin da ba a san asalinsa ba har wata biyar, in ALT bai sauka ba a karo na biyu ka kai wa likita takardun duka biyun, a duba har da ciwon hanta nau'in B da C. Ka ajiye kowace takarda da kwanan watanta a cikin fayil ɗin da za ka tafi da shi.